Darasi na Tara: Wane Ruwa Za Ka Zuba wa Lagireto?

A darasin da ya wuce mun koyi yadda ake duba man inji. Yau ruwa za mu duba. Direbobi da yawa sun ɗauka kowane ruwa ruwa ne: a tsaya bakin titi, a sayi ruwan leda biyu, a tsiyaya a lagireto, a ci gaba da tafiya. Motar za ta tafi kam. Ɓarnar a ciki take, kuma ba ta nuna kanta da wuri.

Inji wuta yake ci. Idan yana aiki daidai, zafin ruwan da ke zagaya shi yakan kai wajen digiri 90 zuwa 100. Ruwa zalla kuwa a digiri 100 yake tafasa. Ka ga tazarar ba yawa. Ka haɗa da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda rana ke wuce digiri 40, ga lodi, ga cunkoso. Shi ya sa aka yi ruwan sanyaya inji, wanda makanikai ke kira kulan. Haɗi ne na ruwa mai tsabta, da wani sinadari mai suna gilaikol, da magungunan hana tsatsa. Idan aka haɗa rabi da rabi, ba ya tafasa sai ya haura digiri 106. Idan murfin lagireto na da kyau yana riƙe iska, sai ya wuce 120 kafin ya tafasa.

Wani zai ce ai don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Gaskiya ne yana hana ruwa daskarewa, mu kuma ba mu da wannan damuwar. Tsatsa ce damuwarmu.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ana kwance lagireton wata Golf ta haya. Da yaron shagon ya zare tiyon ƙasa, ruwan da ya zubo ja ne kamar na kududdufi bayan ruwan farko. Makaniken ya sa yatsa a bakin tiyon, ya kankaro wani farin ɓawo mai tauri, ya miƙa wa mai motar.

"Alhaji, wane ruwa kake zuba mata?"

"Na burtsatsen gida ne, Malam. Shi muke sha."

"To kai cikinka ya saba da shi. Ka ga wannan? Irin wanda ke kama gindin butar shayi ne. Shi ya toshe maka hanyoyin lagireto."

Maganarsa daidai ce. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da gishirin ƙasa. Idan ya sha zafi sai gishirin ya manne a ƙananan bututun lagireto. Tsatsa kuma ta ci famfon ruwa da cikin inji. Daga nan mota ta fara ɗaukar zafi, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, aikin da bai kai ya kawo ba ya zama na sauke inji.

Yanzu ga inda ake yawan kuskure. Ka shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, za ka ga jarkoki jere: kore, ja, ruwan hoda, shuɗi, ruwan goro. Mai saye yakan ce, "Ba ni jan." Launin nan rini ne kawai da kamfani ya sa. Jarkoki biyu na iya zama ja, amma abin da ke cikinsu ya bambanta. Abin da ya raba su shi ne irin maganin tsatsar da aka sa, kuma a rubuce yake a jikin jarka. Kai da ka fara karatu, nan ne karatunka zai cece maka kuɗi.

Akwai tsohon yayi, wanda ake rubuta wa IAT. Galibi kore ne. Shi ya dace da tsofaffin motoci irin Fijo 504, masu lagireton tagulla. Yana kare ƙarfe da sauri, amma ƙarfinsa na ƙarewa da wuri, don haka duk shekara 2 ake canza shi.

Akwai na zamani mai suna OAT, wanda ke kai wa shekara 5. An yi shi ne don injuna da lagireto na alminiyam. Sai kuma HOAT, wanda ya ɗebo daga wancan ya ɗebo daga wannan.

Kamfanonin mota ma ba bakinsu ɗaya ba. Na Japan ba sa son sinadarin silikat, suna ganin yana cin robar da ke hana famfon ruwa yoyo, sai suke amfani da fosfet. Na Turai kuma suna gudun fosfet, domin idan ya haɗu da ruwa mai gishirin ƙasa yakan yi ɓawo. Shi ya sa Toyota ke da nata mai ruwan hoda, Super Long Life Coolant. A sabuwar mota yana kai wa kilomita 160,000 kafin canjin farko, daga nan kuma duk 80,000. Honda na da shuɗi mai suna Type 2. Volkswagen, masu Golf da Sharon ɗin da ke cika tashoshinmu, da lamba suke rarrabe nasu: G11, G12, G13. Ka duba jikin farar robar da ake zuba ruwan, sau da yawa lambar na nan a rubuce.

To ina mai 'yar Kwatano, wadda ta zo ba littafi, kuma ba a san abin da mai ita na farko ya zuba ba? Shawarata, kada ka tsaya cike-cike. Haɗa tsohon yayi da na zamani na rage ƙarfin maganin tsatsa, wani lokaci ma ya yi kauri kamar kunu ya toshe hanya. Ka sa a zubar da na ciki duka, a wanke da ruwa mai tsabta har ya fito garau, sannan a zuba irin wanda kamfanin motarka ya ce. Ka rubuta sunan kulan ɗin da kwanan wata a takarda ka ajiye a mota. Kuma kada ka yarda a cire maka tamostat, ɗan abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, da sunan maganin zafi. A nemo abin da ya toshe.

Kalmomi biyu za ka nema a jarka. Idan ka ga 50/50 ko Ready to use, an riga an haɗa, zubawa kawai za ka yi. Idan ka ga Concentrate, tsantsa ne, sai ka sirka shi da ruwa daidai wa daida. Kada ka zuba tsantsa kana ganin ya fi ƙarfi, domin ruwa ya fi gilaikol ɗaukar zafi. Ruwan sirkin kuma tatacce ake so, irin wanda ake ƙara wa batir. A nan ka yi hattara sosai: masu shago kan kira asid ma ruwan batir. Ka faɗa a fili cewa wanda ba asid ba kake so.

Idan ruwa ya ƙare maka a daji, zuba mai tsabtar da ka samu ka isa gari, sannan a canza. Amma ka bari inji ya huce tukuna. Buɗe murfin lagireto da zafi na watso tafasasshen ruwa a fuska da hannu. Kulan kuma guba ne mai zaƙi-zaƙi, yana lalata ƙoda. Kada ka juye shi a robar lemo, kada ka bar tsohon a kwano inda yaro ko akuya za su kai baki.

Aikin gida: Motar Malam tana cin lita 6, ya sayo jarka mai rubutun Concentrate. Lita nawa na kulan zai zuba, lita nawa na ruwa? Sannan ka je wurin mai sayar da kayan mota, ka kwafo duk haruffa da lambobin da ka gani a jikin jarkoki biyu masu launi ɗaya, ka zo da su aji mu karanta tare.