Yadda ɗan haya a Biritaniya zai bi da haraji idan mai gidansa yana zaune a ƙasar waje

Mutum zai kama haya a Landan ko Manchesta, ya sa hannu a takardar yarjejeniya, ya riƙa tura kuɗi duk ƙarshen wata ba fashi, ya ɗauka ya sauke nauyin da ke kansa. Sai wata rana wasiƙa ta iso daga HMRC, hukumar tara haraji ta ƙasar, tana neman harajin da ya kamata ya riƙa cirewa daga kuɗin hayar tun farko. Harajin na mai gida ne, amma ɗan hayan ake bi. Abin da ya jawo haka shi ne mai gidan ba ya zaune a ƙasar, kuma doka ta ce a irin wannan hali wanda kuɗi ke fita daga hannunsa shi zai riƙe rabon gwamnati kafin sauran su tsallaka teku. Tsarin yana aiki tun watan Afrilun 1996, sai dai da wuya ka ji wanda ya faɗa wa ɗan haya ranar da ake miƙa masa makulli. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Fara da gano inda mai gidan yake zaune

Dokar ba ruwanta da fasfo ko asalin mutum. Abin da take dubawa shi ne inda ya saba zama. Wanda yake wata shida ko fiye a wajen Biritaniya cikin shekara, hukuma tana ɗaukarsa mai gida mazaunin waje, ko da haifaffen Liverpool ne, ko da soja ne ko ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki wata ƙasa. Kamfanin da hedikwatarsa take waje shi ma haka. Kada asusun banki ya ruɗe ka: don kana tura kuɗi zuwa wani banki na cikin gida, ba shi ke nuna mai asusun yana nan ba.

Duba adireshin da ke cikin takardar yarjejeniyarku. A Ingila da Wales, doka ta wajabta wa mai gida ya ba ka adireshi na cikin ƙasa inda za a riƙa aika masa takardu, saboda haka kana iya ganin adireshin ƙaninsa ko na lauyansa alhali shi yana Dubai. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaye shi a rubuce, ta imel, ka adana amsar. Na san da yawa daga cikinmu za su ji nauyin yi wa mai gida irin wannan tambaya, musamman idan da ƙyar aka samu gidan. A ganina wannan nauyin ba shi da wuri a nan, domin matambayi ba ya ɓata, kuma wanda ya yi shiru shi za a nema da kuɗi.

Wa kake miƙa wa kuɗin?

Idan kamfanin dillancin haya da ke cikin Biritaniya ne yake karɓar kuɗin, ka huta, aikin cire harajin nasa ne komai ƙanƙantar hayar. Ba kuma sai kamfani mai ofis ba. Ɗan'uwa ko abokin mai gidan da ke zaune a ƙasar, wanda yake karɓar haya yana kula da gidan a madadinsa, shi ma wakili ne a idon hukuma. Nauyin yana dawowa kanka ne idan kai tsaye kake biyan mai gidan, ko kana biyan wani wanda shi ma a waje yake. Ka lura da wannan idan al'amura suka sauya a tsakiyar zama: mai gida ya sallami dillali ya ce daga yau a riƙa tura masa, ko ya tattara ya koma wata ƙasa bayan ka shekara biyu a gidan.

Lissafa hayarka a mako

Iyakar ita ce fam 100 a mako, wato fam 5,200 a shekara, kimanin fam 433 a wata. Wanda yake biyan haka ko ƙasa da haka ba sai ya cire komai ba, sai idan hukumar ce ta umarce shi. Idan ku biyu ko uku ne sunayenku ke cikin yarjejeniya, kowa ana duba rabon da yake biya ne shi kaɗai. A yadda haya ta yi tsada yanzu, mafi yawan masu riƙe da gida sukutum sun haura wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Tambayi mai gidan ko yana da izinin karɓar kuɗinsa cif

Nan ne mafita take ga kowa, kuma nan ya fi dacewa ka sa ƙarfinka. Mai gida yana iya neman HMRC ta yarje masa ya karɓi hayarsa ba tare da an cire komai ba, daga baya ya je ya bayyana kuɗin shigarsa da kansa. Mutum ɗaya yana cike fom NRL1, kamfani NRL2, masu riƙon amanar dukiya NRL3. Galibi ana amincewa idan bai da bashin haraji a kansa, ko bai taɓa samun abin da zai biya wa haraji a ƙasar ba, ko ba a sa ran harajin zai hau kansa a shekarar.

Sai dai maganar baki ba ta wadatar. Idan ya ce maka "ai na gama da su tuni", ka gode masa, amma ka jira takarda. Hukumar ce za ta rubuto maka kai ɗan haya da sunanka, ta sanar da kai cewa daga rana kaza ka daina cirewa. Takardar da aka taɓa aika wa tsohon ɗan haya ko tsohon dillali ba taka ba ce. Mai gidan ne zai sanar da hukuma cewa an yi sabon ɗan haya domin a aiko maka taka. Kafin ta iso hannunka, doka tana kallonka a matsayin wanda zai cire haraji.

Yi rajista

Cikin kwana 30 da fara zaman hayar, ka tuntuɓi HMRC da sunanka da adireshinka, da sunan mai gidan da nasa adireshin, ka ce kana son shiga tsarin masu gida mazauna waje. Za su ba ka lambar da za ka riƙa biya da ita.

Cire harajin, ka biya duk wata uku

Abin da ake cirewa shi ne kashi 20 cikin ɗari, daidai da matakin farko na harajin kuɗin shiga. An raba shekara zango huɗu, masu ƙarewa ranakun 30 ga Yuni, 30 ga Satumba, 31 ga Disamba da 31 ga Maris. Bayan kowane zango kana da kwana 30 ka aika fom NRLQ tare da kuɗin.

A ce hayarka fam 900 ce a wata. A zango ɗaya ta zama fam 2,700. A cikin zangon tukunyar ɗumama gida ta lalace, mai gida ya ce ka kira mai gyara ka biya daga kuɗin haya, aka kashe fam 300. Gyara irin wannan yana cikin abin da ake ragewa kafin lissafi, saboda haka saura fam 2,400. Kashi 20 na wannan shi ne fam 480, su za ka tura wa hukuma. Mai gida zai samu fam 1,920. Abin da za ka rage sai wanda kai ka biya da hannunka a madadinsa. Idan shi ya kashe kuɗi a can ya ce ka saka a lissafi, wannan tsakaninsa ne da hukuma. Haka kuma ƙarin gini ko sabon abin da zai ɗaga darajar gidan ba ya shiga sahun gyara.

Shawarata ita ce ka riƙa ware kuɗin tun ranar biyan haya. Daga fam 900 ka tura masa 720, ka zuba 180 a wani asusu daban da ba ka taɓawa. Wanda ya bari sai ƙarshen zango, sau da yawa yakan tarar kuɗin sun bi wata hidimar.

Kada ka yi wannan a ɓoye. Rubuta wa mai gidan tun kafin biyan farko, ka bayyana masa dalili, domin wanda ya ga kuɗinsa sun zo da giɓi ba bayani zai ɗauka bashi ka ci. Doka ta ba ka ikon cirewar, kuma kuɗin ba su ɓace masa ba: za a lissafa su cikin harajin da ya biya, idan sun yi yawa a mayar masa da rara.

Takardun ƙarshen shekara

Shekarar tsarin tana ƙarewa 31 ga Maris. Zuwa 5 ga Yuli sai ka aika wa hukuma fom NRLY mai nuna abin da ka biya da abin da ka cire, ka kuma ba mai gidan takardar shaida NRL6, wadda da ita zai kafa hujjar cewa an riga an biya masa. Rasit na gyara, shaidar tura kuɗi da wasiƙun da kuka yi musaya, ka adana su shekara huɗu.

Idan ka riga ka makara

Wataƙila kana karanta wannan ne bayan ka shekara kana tura kuɗi cif. Kada ka jira wasiƙa ta same ka, domin kuɗin ruwa suna hawa kan abin da ba a biya a kan lokaci ba, tara ma tana iya biyo baya. Tattara lissafin abin da ka biya wata-wata, ka sanar da mai gidan halin da ake ciki, ka roƙe shi ya cike nasa fom ɗin nan take, sannan ka tuntuɓi HMRC da kanka. Harajin da ka biya a madadinsa kana da damar cire shi daga hayar da ke tafe, abin da ya sa ya fi sauƙi a warware maganar tun kana cikin gidan. Idan ka tashi, bin kuɗinka wurin mutumin da ke wata nahiya aiki ne ja. Idan kuma ya fara barazanar tashinka saboda ka bi doka, ka je Citizens Advice ko Shelter, ƙungiyoyin agaji masu ba jama'a shawara, da takardar yarjejeniyarka da duk wasiƙun da ke hannunka, shawararsu kyauta ce.