Yadda Za Ka Hanzarta Binciken "Akwai ko Babu" a PostgreSQL

Ana yawan tambayata me ya sa duba ko wani imel yana cikin tebur a PostgreSQL (manhajar rumbun bayanai) yake jan ƙafa. Ga matakan:

1. Sa EXPLAIN ANALYZE a gaban tambayarka ta SQL, ka gudanar da ita, don ka ga yadda PostgreSQL yake aiwatar da ita.
Hattara: da gaske yake aiwatar da umarnin, kada ka gwada shi a kan DELETE.

2. Duba sakamakon. In ka ga Seq Scan, layi-layi ake bin teburin.

3. In da COUNT kake dubawa, cire shi ka sa EXISTS (a misalin nan, mambobi shi ne sunan teburin, $1 kuma imel ɗin da kake nema):
SELECT EXISTS (SELECT 1 FROM mambobi WHERE imel = $1);
COUNT sai ya ƙirga duka, shi kuwa EXISTS da ya samu ɗaya ya tsaya. Ai ba adadi kake nema ba.

4. Yi wa imel index (jerin da ke kai bincike kai tsaye ga layin da ake nema):
CREATE INDEX CONCURRENTLY ON mambobi (imel);
Hattara: in ba ka sa CONCURRENTLY ba, ba mai iya rubutu a teburin sai an gama.

5. In abin da babu kake nema, canza NOT IN zuwa NOT EXISTS. A nan ake yawan faɗawa rami: NULL (gurbin da ba ƙima a ciki) ɗaya tak a jerin da NOT IN ke dubawa ya isa NOT IN ya dawo maka hannu rabbana.

6. Don sabunta ƙididdigar teburin, gudanar da ANALYZE mambobi;

7. Maimaita mataki na 1. Index Scan ko Index Only Scan kake son gani, alamar ana amfani da index ɗin.