Sabon Zuwa Italiya: Haƙƙinka Yana Bin Takarda

Sannu da hanya, ɗan'uwa. Ko ta Agadas da Sabha ka biyo har kwalekwale ya kai ka Lamfedusa, ko jirgin sama ne ya sauke ka a Roma, tun kafin ƙurar tafiya ta bar jikinka za ka fara jin zantuka kala-kala. Wani ya ce a Turai baƙo sarki ne, wani ya ce wanda ba shi da takarda ko asibiti ba ya shiga. Duk ba haka ba ne. Dokar ƙasar nan ta ba ka abubuwa da dama, sai dai ba mai kawo maka su har ɗaki.

Mu fara da lafiya, domin nan ne tsoro ya fi cutar da mutanenmu. Akwai wani yaro da muka zauna ɗaki ɗaya, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, yana ta haɗiyar farasitamol da shayi, bargo biyu a kansa yana karkarwa. Da na ce mu tafi asibiti sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaya, don Allah ka rufa mini asiri, kama ni za su yi." Ashe huhunsa ne ya kamu. Dokar baƙi mai lamba 286 ta shekarar 1998, a sashe na 35, ta hana ma'aikatan lafiya kai ƙarar mutum wai don ba shi da izinin zama. Ana ba irinsa wata lamba da ake kira STP, tana aiki wata shida, ana kuma sabunta ta. Da ita za a duba ka a sashen gaggawa, a kula da mai ciki, a yi wa yara rigakafi. Makaranta ma haka take: yaro na da ikon shiga aji ko da iyayensa ba su da komai a hannu.

In mafaka kake nema, kwastura za ka je, wato hedikwatar 'yan sanda ta lardi. Ka shirya wa layi. Mun sha tsayuwa tun ƙarfe huɗu na asuba cikin sanyi, hannu a hammata, a ƙarshe a ce a dawo wani mako. A can za ka cike takardar neman mafaka da ake kira C3, daga baya a kira ka gaban kwamitin da zai saurari labarinka. Ka nemi tafinta da harshen da ka fi iyawa. In aka kawo maka mai Turanci alhali Hausa ce bakinka, ka faɗa tun farko. Kada ka sa hannu a rubutun hirar sai an karanta maka shi, kuma kada ka ari labarin wani. Sun ji shi sau ɗari kafin kai. Bayan kwana 60 da shigar da buƙatarka, doka ta yarda ka yi aiki.

In sun ƙi ka, ba a nan ta ƙare ba, amma lokaci ba ya jira. Yawanci kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara, wani lokacin ma bai kai haka ba, musamman ga wanda ƙasarsa ke cikin jerin waɗanda Italiya ke cewa suna zaune lafiya, kamar Gana da Sanagal. Marar ƙarfi gwamnati na biya masa lauya. Na san waɗanda suka rasa damarsu ba don labarinsu ba shi da tushe ba, sai don sun sauya gida ba su sanar da adireshi ba, wasiƙa ta je ta dawo.

Wasu na cewa duk wannan zancen haƙƙin ɗan Adam na manya ne a Janiba da Birasels. To, a watan Mayu na 2009 jiragen ruwan Italiya sun tare mutum kusan 200 a teku, suka mai da su Libiya ba tare da an tambayi kowa komai ba. Mutum 24 daga cikinsu, 'yan Somaliya da Iritiriya, suka kai ƙara Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg. A Fabrairun 2012 kotun ta ce Italiya ta yi laifi, ta sa a biya 22 daga cikinsu yuro 15,000 kowanne. Amma kar in ruɗe ka: shekara biyar bayan nan, a 2017, Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Libiya, ta koma taimaka wa masu gadin tekun can su yi taren da kansu. Hannu ɗaya na ba ka, ɗayan na rufe ƙofa.

Sai gona, inda akasarinmu ke farawa, tumatir a Fojiya, lemo a Rosarno. Akwai ɗan kamasho da suke kira kaforale, shi ke kwasar ma'aikata a mota da asuba, ya cire kuɗin mota, ya cire na ruwa, ya miƙo abin da ya ga dama. Abin takaici, wani lokacin ɗan garinku ne. Tun 2016 doka mai lamba 199 ta sa wannan ya zama laifin ɗaurin shekara 1 zuwa 6, kuma har mai gonar yana ciki. Duk da haka a Yunin 2024 wani Ba'indiye, Satnam Singh, inji ya cire masa hannu a wata gona kusa da Latina, aka yar da shi a ƙofar gidansa maimakon asibiti, bayan kwana biyu ya cika.

Saboda haka ka sayi ɗan littafi. Kullum ka rubuta rana, lokacin farawa da na tashi, sunan wurin, da abin da aka ba ka. Ka ɗauki hoton lambar motar. Fasfo ɗinka kuwa ba mai ikon riƙe maka shi. Ni ma wani mai gona ya taɓa cinye mini kuɗin wata biyu, yana dariya yana cewa wa zai saurare ni. Na ɗauki littafina, duk ya yi jirwaye da ruwan tumatir, na kai ofishin ƙungiyar ƙwadago. Matar da na tarar ta buɗe shafi-shafi, ta ɗauki waya. Sai da aka yi wata bakwai, amma kuɗin sun fito. In kuma ka ga wata 'yar'uwa da aka ɗora wa bashin hanya ana tilasta mata fita titi, akwai layin kyauta na yaƙi da fataucin mutane, 800 290 290, dare da rana, kuma ba sai ta faɗi sunanta ba.