Darasi na 7: In Jini Ya Yanke wa Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya yi noma a Jazira ta Sudan ya san abu ishirin, ƙaramar hanyar ruwan da ke shayar da hawasha, wato gonar manomi. In ta toshe, dawa takan jure kwanaki. Ita ma ƙwaƙwalwa jijiyoyin jini ne ke shayar da ita, sai dai ba ta da haƙurin dawa. Nauyinta kashi 2 ne kacal cikin 100 na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da rumbun ajiya.

Ɓawon da ya lulluɓe ta kaurinsa milimita 2 zuwa 4 ne. A cikinsa ƙwayoyin da ke sa mu magana da gani da motsi suke. In gudan jini ya toshe jijiya, sai su rasa oksijin da suga, ƙarfinsu ya ƙare, gishiri da ruwa su kwararo musu ciki, su kumbura. Na tsakiyar wurin da jini ya yanke wa sukan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, wadda ta mutu kuwa ba ta dawowa. Na gefe suna ɗan samun jini daga jijiyoyin maƙwabta. Sun daina aiki, amma da sauran rai na 'yan sa'o'i. Su ne likita ke hanzarin cetowa.

Ga Kawu a Maiurno yana shan shayi bayan la'asar, sai kofi ya suɓuce daga hannunsa na dama.

"Kawu, lafiya?"

Baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Matsalar tana ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa, domin shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a nan magana take ga yawancin mutane.

Wani zai ce iska ce ta buge shi. Ba a hana addu'a ba, amma a yi ta cikin mota a kan hanyar asibiti. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya ƙwarewa. Kada a ba shi asfirin, domin wataƙila jijiya ce ta fashe, ba toshewa ta yi ba, hoton asibiti ne zai bambance. A duba agogo, domin allurar narkar da gudan jini cikin sa'a 4 da rabi da faruwar abin ake yin ta.

Aiki: abin ya sami Kawu da ƙarfe 4:00 na yamma. Rubuta lokacin da damar allurar za ta ƙare.