Yadda za ka ba da tarihin ciwonka kafin ɗaukar hoton asibiti

Sau da yawa likitan da ke karanta hoto ba ya ganin majinyaci ido da ido, bayanin da aka rubuto masa kawai yake dubawa. Saboda haka ka nuna wa ma'aikaci ainihin wurin ciwon da yatsa ɗaya, ka faɗi lokacin da ya soma da kuma ko faɗuwa ce ta jawo shi, domin ƙaramar tsagewar ƙashi takan ɓuya idan ba a san inda za a zuba ido ba.

Idan hoton ƙirji ne, kada kunya ta sa ka ɓoye cewa ka taɓa yin tarin fuka, domin tabon da yake bari a huhu yana iya kama da sabon ciwo. In kana da tsohon hoto, ka taho da shi a kwatanta.

Na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton sassan cikin jiki, tana aiki da maganaɗisu mai ƙarfi, don haka wajibi ne ka ambaci duk wani ƙarfe ko na'urar daidaita bugun zuciya da ke jikinka. Kafin hoton CT (wani nau'in hoton cikin jiki) mai allurar rini, wato ruwan da ke sa hoton ya fito sarai, ka sanar da ma'aikata idan kana da ciwon ƙoda. Mace mai juna biyu, ko mai zaton hakan, ta faɗa tun kafin a fara.