Yadda Za Ka Zaɓi Abin Shukawa a Noman Cikin Ruwa a Legas

Wanda yake zaune a Agege ko Idi-Araba, inda fili ya yi tsada, zai iya yin noma ba tare da ƙasa ba, wato ya rataye saiwar shuka cikin ruwan da aka narkar da taki a ciki. Sai dai kafin ka sayi iri, ka fara duba wutar lantarkin unguwarku, domin ita ce za ta yanke maka hukunci.

Idan tsarinka na bututu ne da injin da ke zagaya ruwa, da zarar an ɗauke wuta da tsakar rana saiwar za ta bushe cikin sa'o'i kaɗan. Saboda haka nake ba mai farawa shawarar tsarin Kratky, wanda ba ya bukatar wuta: bokiti mai murfi, ruwan taki, da ɗan sarari tsakanin murfin da ruwan domin saiwar ta sha iska. Ganyayyaki ne suka fi dacewa da shi. Alayyafo da lalo suna jure zafin Legas, kuma a mako huɗu zuwa shida ka fara yanka. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya ma suna yin kyau, reshe kawai za ka tsoma ya yi saiwa.

Latas yana da kasuwa a otal-otal na Ikoyi da Lekki, amma ba ya son zafi. Idan ruwan ya ɗumama, sai ya miƙe ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗaci. Ka ajiye shi a inuwa, ka lulluɓe bokitin da farin abu, ka kuma riƙa auna tsamin ruwan da ma'aunin tsami da ake kira pH, ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5.

Tumatir da tattasai da kokwamba suna yi, amma suna cin taki da yawa, suna bukatar igiyar da za su hau, kuma laimar damina tana kawo musu cutar ganye. Ga kuma motocin tumatir daga Kano da Kaduna da ke sauke kaya a kasuwar Mile 12 lokacin rani, da farashin da ba za ka iya gogayya da shi ba. Idan har za ka yi, ka shuka a ɓawon kwakwa, ka kuma lissafa girbinka ya faɗo cikin damina, lokacin da kwandon tumatir ke tsada.

Doya da rogo da masara kuwa ka bar wa gona, domin wurin da suke ci ya fi abin da za su ba ka.