Yadda Ake Shigo da Sabbin Fasahohi Cikin Aikin Kula da Gine-gine

Duk wanda aka damƙa wa amanar babban gini, asibiti ne ko makaranta ko ofis ko otal, ya san cewa ɗawainiyarsa ba ta ƙarewa ranar da magina suka tattara kayansu, a ranar ma take farawa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa tafiyar da gine-gine na cinye kusan kashi 30 cikin 100 na makamashin da ake amfani da shi a duniya, shi ya sa kamfanonin fasaha suka yi caa a kan wannan fanni da na'urorin awo da manhajoji da alkawuran rage kashe kuɗi. Fasahohin suna aiki, amma suna da jerin da ake bi wajen shigo da su, kuma wanda ya fara daga ƙarshe yakan tashi da allo mai ƙyalli a ofis alhali famfo yana yoyo a ƙasa.

A fara da rajistar kadarori, duk da cewa ita ce aikin da ya fi kowane gundura. A zagaya ginin ɗaki-ɗaki, a rubuta kowace na'ura da ke buƙatar sabis: janareta, lif, famfunan tura ruwa, na'urorin sanyaya ɗaki, tankuna, allunan rarraba wuta da kayan kashe gobara. Kowace a ba ta lamba ɗaya da ba za ta sauya ba, a rubuta inda take, da kamfanin da ya ƙera ta, da shekarar da aka kafa ta, da ranar da aka yi mata sabis na ƙarshe. Daga nan a raba su gwargwadon irin ɓarnar da tsayuwarsu za ta jawo, domin famfon da ke kai ruwa ɗakin tiyata ba ɗaya yake da fankar bayan gida ba. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na ISO 55000, da aka fara fitarwa a shekarar 2014, kan tafiyar da kadarori da ISO 41001 na 2018 kan kula da gine-gine suna da amfani a nan ko da ba a neman takardar shaida, saboda suna tilasta wa mutum ya rubuta abin da ya mallaka da wanda ke da alhakin kula da shi.

Idan rajista ta kammala, sai a zuba ta cikin manhajar tsara gyara, wadda masu sana'ar ke kira CMMS. Aikinta shi ne ta buɗe takardar aiki, ta tura wa makanike a wayarsa, ta kuma ajiye tarihin kowace na'ura. A manna lambar QR a jikin kowane inji ta yadda ma'aikaci zai ɗora wayarsa ya ga abin da aka yi masa a baya kafin ya ɗauki sifana. Abin lura a nan shi ne a zaɓi manhajar da makaniken zai iya cikewa a tsaye, da hannu ɗaya, cikin minti biyu. Idan ta fi haka wahala zai koma rubutu a takarda, manhajar kuma ta zama kango.

Sai bayan wannan ne maganar na'urorin awo, wato sensa, take da ma'ana. Sun yi araha, kuma da yawansu suna aika saƙo ta hanyar rediyo irin ta LoRaWAN, wadda ke ba batir ɗaya damar yin shekaru saboda saƙonnin ƙanana ne, ba sai an ja waya an fasa bango ba. Ana yawan kafa misali da ginin The Edge na birnin Amsterdam, mai ɗauke da sensa kusan 28,000 da ke lura da motsi da haske da zafi, amma kada wannan adadi ya ruɗi kowa. Kafin a sayi ko da guda ɗaya, a amsa tambayoyi uku a rubuce: me za ta auna, a wane mataki ne awon zai zama matsala, kuma wa zai tashi daga kujerarsa idan ta yi ƙara? Wadda ba ta da amsa ta uku a bar ta a kanti.

A ɗauki misalin famfon tura ruwan sanyi. Ana manna masa wata 'yar na'ura mai girman kwalin ashana a kusa da boris, tana auna girgiza da zafi. A makonnin farko ba a buƙatar komai daga gare ta illa ta koyi yadda famfon yake kaɗawa yana lafiya. Ranar da boris ya fara cinyewa, girgizar za ta sauya salo tun kunne bai fara jin ƙugi ba, zafin ma ya ɗan ɗaga, sai manhajar ta buɗe takardar aiki da kanta. Makanike ya samu sarari ya yi odar sabon boris, ya juya aiki kan famfo na biyu, ya sauya shi da rana tsaka cikin natsuwa, maimakon a tashe shi cikin dare bayan shaft ya karkace kuma ginin ya ɗauki zafi. Wannan shi ne gyara bisa hasashe, kuma ya bambanta da sabis na kalanda, wanda ke sa a kwance injin da lafiyarsa ƙalau don kawai wata shida sun cika.

Akwai wurare biyu kuma da awo ke biyan kuɗinsa da wuri. Na farko iskar ɗaki: iskar waje tana ɗauke da kabon dayoksaid kusan kashi 420 cikin miliyan, kuma idan ta ɗakin taro ta haura 1,000 ana ɗaukar hakan alamar cewa sabuwar iska ba ta shigowa yadda ya kamata, don haka za a iya haɗa sensar da fankar shigo da iska ta ƙara gudu idan ɗaki ya cika, ta rage idan an watse. Na biyu ruwa: ƙwayar cutar Legionella tana hayayyafa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 20 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, musamman inda ya daɗe a tsaye cikin bututu, kuma sensar zafi a kan bututun ta fi ma'aikacin da ke zagayawa da littafi sau ɗaya a wata saurin ganin hakan.

Na taɓa shiga ɗakin sa ido na wani babban gini na tarar da ɗaruruwan gargaɗi jajaye a kan allo, an kuma rage ƙarar lasifikar gaba ɗaya. Ma'aikatan ba sakarkaru ba ne. An saita na'urorin ne su yi kuka a kan kowane ƙaramin sauyi, har ta kai ba a iya bambance gobara da ƙofar da aka bari a buɗe. Maganin wannan shi ne a kasa gargaɗi gida uku, na tashi yanzu, na yau, da na duba a ƙarshen mako, kuma kowane wata a zauna a goge waɗanda ba su taɓa sa an yi wani aiki ba.

Wajen sayen kaya, a dage kan na'urorin da ke magana da yaren da kowa ya sani. BACnet, wanda ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta fitar a 1995, da Modbus, wanda ya samo asali tun 1979, da KNX, duk buɗaɗɗun ƙa'idoji ne da ke ba na'urar wani kamfani damar fahimtar ta wani. Wanda ya sayi tsarin da kamfani ɗaya kaɗai ya san makullinsa ya ɗaure kansa, domin duk ranar da ya so ƙara mita ɗaya sai ya koma wurinsu da kowane farashi suka yanka. A sa a cikin yarjejeniya, da baƙi da fari, cewa bayanan ginin mallakar mai ginin ne, kuma zai iya kwashe su duk lokacin da ya ga dama.

Ƙirƙirarriyar basira tana zuwa ne bayan bayanai sun taru. A 2016 kamfanin DeepMind ya sanar da cewa ya rage wutar da ake kashewa wajen sanyaya cibiyoyin ajiye bayanai na Google da abin da ya kai kashi 40 cikin 100, sai dai waɗannan wurare ne da aka shekara ana auna komai nasu. A gini na yau da kullum, amfanin farko ya fi wannan sauƙi: manhaja ta gano bawul ɗin da ya maƙale, ko ɗakin da ake ɗumamawa ana kuma sanyayawa a lokaci guda, ko benen da na'urorinsa ke aiki duk daren Lahadi babu kowa. A bar ta ta ba da shawara tukuna, mutum yana tantancewa, kafin a sakar mata linzamin sauya saiti da kanta. Haka abin yake ga tagwayen gini na kwamfuta, wato siffar ginin da ke karɓar awo kai tsaye daga na ainihin. Idan gini sabo ne, a nemi ɗan kwangila ya miƙa zanen BIM, wato siffar ginin a kwamfuta mai ɗauke da bayanin kowane sashe nasa, tare da bayanan na'urori bisa tsarin ISO 19650. Idan tsoho ne, ina ganin zana shi gaba ɗaya ba kasafai kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ba, gara a taƙaita ga ɗakin injuna. Jirage marasa matuƙa na duba rufi da butum-butumin goge ƙasa kuwa, a fara da haya kafin a saya.

Kowace na'ura da aka haɗa da intanet sabuwar ƙofa ce, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2013 masu kutse sun shiga kwamfutocin Target, kamfanin manyan kantuna na Amurka, da bayanan shiga da suka sato daga wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri, suka kwashi bayanan katunan banki kusan miliyan 40. Saboda haka a raba hanyar sadarwar na'urorin gini da ta ofis, a sauya kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga masana'anta tun ranar da aka kafa ta, a ba kowane ɗan kwangila asusunsa na kansa, a kuma rufe shi ranar da kwangilarsa ta ƙare. A tabbatar kuma kowane muhimmin inji yana da maɓallin kunnawa da hannu, don ranar da intanet ta ɗauke.

Gwajin farko a yi shi a bene ɗaya ko a kan rukunin injuna ɗaya. Kafin a taɓa komai, a ajiye lissafin wutar da aka sha da yawan lalacewar da aka samu da tsawon lokacin da gyara ke ɗauka a cikin watanni 12 da suka wuce, domin da shi za a gwada sakamako, kuma a kwatanta wata da takwaransa na bara saboda bambancin yanayi. A sa makanikan da za su yi aiki da na'urorin a cikin zaman zaɓen su, su ne suka san famfon da ke yawan ba da wahala da allon wutar da ke zafi, kuma daga bakinsu za a ji inda ya kamata a manna sensa ta farko.